Firezan a Layin Malam Gide

"Mamuda mai shayi."

"Firezan, sa."

"Alheri ta asibiti."

"Present, sir."

Alheri kaɗai ce a layin ke faɗin kalmar yadda Bature ya ajiye ta. Sauran jama'a kowa da inda harshensa ya lanƙwasa ta. Ina durƙushe a bakin murhu ina hura wuta, amma kunnena yana bayan katanga. Kwananmu uku ke nan da tarewa a Kankara, kuma jiya da yamma tsohon da muke katanga ɗaya da shi, Malam Gide, ya tare mijina a ƙofar gida ya karɓi sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce gobe za mu shiga aji.

"Gidan Mas'ud. Maigida."

Mas'ud ya dube ni, na dube shi. Ya ajiye kofin koko, ya ce "Firezan" a hankali, kamar wanda ya ari abu bai gaya wa mai shi ba.

"Uwargida."

Na faɗi kalmar a cikin hayaƙi.

"Ban ji ba."

Na sake faɗa, kunya kamar ta kashe ni. Ni da ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, ga ni da 'ya'ya biyu ina yi wa katanga Turanci da sassafe.

"Ummu Salma Mas'ud."

Ita kam ba a yi mata tayi biyu. Shekararta huɗu, ta buɗe baki ta kwarara abin har kajin maƙwabta suka watse.

"Amatullah Mas'ud."

Shiru. Babbar 'yata tana zaune a bakin ƙofar ɗaki ta rungume gwiwoyinta, idonta a ƙasa. Na ji shirun yana tsawo, na san duk layin yana saurare. Sai na ɗaga murya na ce, "Tana nan, Malam."

"Ban tambaye ki ba, ɗiyata," ya ce daga bayan katanga. "A ajina ba a amsa ma wani."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wannan tsoho da neman magana yake, me ya sani game da mu? Shi kuwa ya yi shiru kamar tsawon numfashi uku, sannan ya ce, "To, muna jira. Almu mai faci."

Almu, wanda gidansa ke ɗaya gefen namu, zana ce kawai tsakaninmu, ya amsa, aka wuce gida na gaba.

Abin da Malam Gide bai sani ba a ranar, ko kuma na zaci bai sani ba, shi ne yarinyar ta yi wata biyu ba ta ce uffan ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Yargoje. Da hantsi mutanen daji suka shigo, ina rafi da Ummu Salma a bayana, Mas'ud yana gona. Yarinyar tana gida tare da Goggo, mahaifiyar Mas'ud. 'Yar fari ce, tun da aka yaye ta Goggo ta ɗauke ta, ɗakinta take kwana, kwanonsu ɗaya. Kamar kowace mace da ta san kanta a garinmu, ban taɓa kama sunanta ba. In zan aike ta na ce "ke", in zan yi maganarta na ce "'yar Goggo". Mas'ud ma haka. Goggo ce mai kiran sunan, tana ja masa wutsiya tana yi masa kirari.

Da Goggo ta ji ƙarar babura, ta ɗaga yarinyar ta jefa cikin rumbun gero ta rufe, ta bi sauran mata da gudu. Mu ba mu sani ba. Da la'asar, da ƙura ta lafa, ni da Mas'ud muka lallaɓo gida. Na bi ɗaki ɗaki, na leƙa bayan gida, na leƙa turken awaki, ina cewa, "Ke. Ke, kina ina?" Sau uku na wuce ta gindin rumbun nan. Sai washegari wata mata ta kawo mana saƙo cewa Goggo ta faɗi a hanya, numfashi ya ƙi, ta cika a hannunsu. Kafin ta cika ta ce a gaya mana yarinyar tana cikin rumbu, kuma ta ce mata kome ta ji kada ta yi magana, ko wa ya kira ta kada ta amsa.

Mas'ud ya ɗaga murfin rumbun ya same ta zaune a kan damman gero, idonta biyu. Ba ta yi kuka ba. Wataƙila ko da na kira sunanta a yammacin nan ba za ta amsa ba, wannan Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ban kira ba. 'Yata ta ɓace, garinmu yana hayaƙi, babu mai jina sai mijina da awaki, amma kunya ba ta sake mini baki ba. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai Inna Talatu, matar Malam Gide, wata rana muna tsince shinkafa. Ita kuma, na gane daga baya, ba ta iya ɓoye wa mijinta ko ƙwayar gero.

Daga bakin Inna Talatu na ji asalin kiran sunan. Malam Gide ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare, daga nan Kankara zuwa ƙauyukan Faskari har wajen Sabuwa, kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Shekarar da abin nan ya yi tsanani, wata safiya aka tashi bayan an kwana ana jin harbi daga nesa. Kowa ya yi tsuru-tsuru a gidansa, ba mai son ya tambayi maƙwabci ya ji abin da ba ya so. Sai Malam ya fito da sandarsa ya tsaya gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, ya fara kiran sunaye gida gida, kamar yana gaban aji. Rabin mazan layin ɗalibansa ne a da, bakinsu ya riga tunaninsu amsawa. Da aka kai ƙarshen layi ba a rasa kowa ba, ya ce, "Alhamdu lillahi, aji ya cika." Tun daga ranar bai fasa ba. Da zarar rana ta taɓa kan dalbejiyar, za ka ji gyaran muryarsa.

Na tambaye ta ma'anar kalmar. Ta ce, "Ni shekara kusan hamsin ina jin ta, ban taɓa tambaya ba. In za ki tambaye shi, ki fara sauke tukunyarki."

Ban ji shawara ba. Ranar da na bar wake a kan wuta na shiga kai musu ɗanwake, na same shi a tsakar gida yana gyara tabaronsa da zare, na gaishe shi, na tambaya. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Present," ya ce, yana fitar da kowane harafi. "Ba firezan ba. Amma na haƙura da ku, shekara talatin da biyar na yi ina yaƙi da bakin Bahaushe, shi ya ci ni. Ma'anarta, ina nan."

"Shi ke nan, Malam? Ina nan?"

"Ba shi ke nan ba. Waccan tukunyar ma ai tana nan. Turmi shina nan. Amma ba su iya cewa present. Ita wagga kalma mutum ne ke faɗinta da bakinshi. An kira ni, na ji, ga ni. Tana da abokiyar zama, absent, wato ba shi nan. Kin lura da bambancinsu? Present, mai ita ke faɗi. Absent, 'yan aji ke faɗa mashi, don shi ba shi nan balle shi yi magana." Ya ɗora tabaron a hanci ya dube ni ta samansa. "Shi ya sa ban bari a ce ma ɗiyarki absent. Tana nan. Ba ta dai gaya muna ba tukuna."

Wakena ya ƙone a ranar, kamar yadda Inna Talatu ta faɗa.

Kalmar nan ta fi ƙarfin safiya a layinmu. In an kawo wuta bayan kwana huɗu, yara su ce wuta ta yi firezan. In Mamuda ya ga ruwan shayinsa ya tafasa, ya ce da masu jira a benci, "Shayi firezan." Matar Almu ta haihu, Alheri ta fito tana wanke hannu, aka tambaye ta, ta ce namiji ne kuma firezan yake. Mas'ud da ya sami aikin dako a kasuwa, ranar da ya bi motar hatsi zuwa Yankara nakan kasa zama har sai na ji sallamarsa. In ya shigo, kafin ya cire takalmi, sai ya ce mini, "To, firezan," sai in ji abinci ya sami wurin zama a cikina. Mutanen wasu unguwanni suna yi mana dariya, suna ce mana 'yan ajin Malam Gide. Ba mu damu ba. Wanda bai taɓa kwana yana lissafin mutanensa a zuci ba, ba zai san daɗin kalmar ba.

Yarinyar kuwa shiru. Ba abin da ba mu yi ba. An yi rubutu ta sha, an yi tofi, an yi hayaƙi. Alheri ta haska kunnenta da bakinta da tocila, ta ce, "Lahiyar harshenta ƙalau, Suwaiba. Tsoro ne ya zauna a kai." Tana jin magana, tana wanke-wanke, tana goya ƙanwarta, in an tambaye ta ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran unguwa sun fara ce mata Bebiya. Wata rana har wata mata ta aiko a ce Bebiya ta zo ta taya ta surfe. Na zauna na yi kuka, domin na san yadda suna ke kama mutum a ƙasar nan. In ya kama, har jikokinta za a ce jikokin Bebiya.

Malam Gide ya ji labari. Washegari da ya zo kan sunanta ya kira shi da ƙarfi fiye da kullum, ya yi jiransa na numfashi uku, sannan ya ce, "Kafin mu wuce. Ɗiyar gidan Mas'ud sunanta guda a layin nan, shi ne wanda kuka ji na kira. Wanda na ji ya ce mata wani abu daban, sandata ba ta yi ritaya ba." Daga ranar ban ƙara ji ba, aƙalla ba a gabana ba.

Damina ta yi nisa. Kullum ya kira, kullum ya jira, kullum ya ce "Muna jira," ya wuce kan Almu. Ni da na fara da jin haushinsa, sai na koma ina jiran wannan shirun fiye da komai a yinina. Wajen wata na uku na lura da wani abu. Da zarar an ji gyaran muryar Malam, yarinyar takan bar abin da take yi ta je ta tsaya jikin katangar, ta ɗora tafin hannunta a kan jar ƙasar. In ya kira sunanta sai kafaɗunta su ɗan motsa. Sau ɗaya na ga leɓenta ya buɗe. Amma ba abin da ya fito.

Ana tsakiyar yankan dawa Malam Gide ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Aka sa shi a mota aka tafi da shi asibiti, ya yi kwana takwas. Mamuda ya gwada kiran sunan a madadinsa, ya tsallake gida biyu, ya kira wani mutum da ya tashi daga layin tun bara, aka yi ta dariya, ya bari. Yarinyar ba ta je jikin katanga ba ko sau ɗaya a kwanakin nan.

Da aka dawo da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, bakinsa ya karkace. 'Ya'yansa suka so a kwantar da shi a ɗaki, ya ƙi, ya ce a sa masa gado a zaure a bar ƙofa a buɗe. Washegari rana ta taɓa kan dalbejiya muka ji gyaran murya. Muryar ta sirance, ba ta kai ƙarshen layi, sai mutane suka riƙa matsowa ƙofar zauren suna amsawa. Mu da bangon zauren ke jikin katangarmu muna jin sa daga tsakar gida. Yarinyar ta koma wurin tsayuwarta.

Wata ranar Lahadi na dama masa kunun tsamiya na shiga da shi. Inna Talatu tana zaune a gefen gadon tana yi masa fifita. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, zan tashi ya ce, "Suwaiba, zauna."

Bai taɓa kama sunana ba sai ranar. Na zauna.

"Wa ke kiran sunan ɗiyar nan a gidanku?"

Maganar tana fitowa da ƙyar, sai na matsa kusa. Na ce, "Ai kai ne, Malam."

"Ni ba gidanku nike ba. Na ce a gidanku."

Na sunkuyar da kai. "Malam, ɗiyar fari ce."

"Na sani. Ni ma ba daga Ingila aka kawo ni ba." Ya huta. Inna Talatu ta goge masa gefen baki da gefen zanenta. "Ina da ɗan fari. Ya yi shekara biyu a ajina, can wajen Faskari. Sunanshi na bakwai a jeri. In na zo kanshi, sai in yi gyaran murya, in ɗaga ido in gan shi, in wuce na takwas. Yara su yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Shi kuma shi sunkuyar da kai, bakinshi a shirye da amsa, ba a tambaye shi ba. Shina da shekara ashirin da shida mota ta kihe da su a hanyar Funtuwa."

Inna Talatu ta daina fifita.

"Yara sun fi dubu da na kira sunansu suka amsa mani. Ɗaya ne ban kira ba." Ya juya idonsa wajen rufin zauren. Ya daɗe yana tattara numfashi, sannan ya ce, "Nasiru."

Ya yi shiru tsawon numfashi uku, kamar yadda ya saba. Inna Talatu ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ban san inda zan sa idona ba, sai na zuba shi a kan kwanon kunun.

"Ban ce kunya ba ta da kyau ba," ya ce. "Da ita aka san mu. Amma ɗiyarki har yau tana cikin rumbun nan, Suwaiba. An ce mata kada ta amsa ma kowa, ta bi magana, ɗiya ce mai biyayya. Ni cikin kowa nike. Wata shida ina ƙwanƙwasawa, ta zo bakin ƙofa, ba ta buɗe ba. Uwa ba ta cikin kowa."

Na ce, "Mi mutane za su ce, Malam?"

"Za su ce ba ki da kunya. Kwana biyu za su yi suna faɗi. Ni shekara ashirin ke nan ina jin abin da ya fi wannan ciwo." Ya rufe ido. "Tahi, kada ki ƙona wake."

Ina son in ce na fita daga zauren nan na aikata abin da ya ce. Ban yi ba. Na fita ina jin haushinsa da na Inna Talatu da ta kwashe sirrina ta kai masa. Da haushin ya wuce, na gwada. Ina daka ni kaɗai na ce bari in faɗa a hankali, taɓarya ta rufe sautin. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Sai in ga fuskar mahaifiyata, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba. Na ce gobe. Litinin na ce gobe, Talata na ce gobe, Laraba ma haka.

Ranar Alhamis ya fara kira kamar kullum, sai dai tsakanin suna da suna yana daɗewa. Mamuda ya amsa, Alheri ta amsa. Ya zo gidanmu, Mas'ud ya amsa, na amsa, Ummu Salma ta amsa.

"Amatullah Mas'ud."

Da ƙyar muka ji shi. Yarinyar tana jikin katanga, tafin hannunta a kan ƙasa. Numfashi uku ya wuce. Muka jira ya ce "Muna jira," bai ce ba. Ta bayan zana ina jin Almu ya daina buga ƙarfensa, yana sauraren sunansa. Sai muka ji muryar Inna Talatu tana cewa a kira Alheri.

Bai ƙara magana ba sai kalmar shahada da babbar 'yarsa ta riƙa maimaita masa, leɓensa yana bi. Kafin azahar ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan la'asar aka kai shi. Ina leƙe ta ƙofa, ban taɓa ganin jama'a irin ta ranar a layinmu ba. Mutane daga Faskari, daga Yankara, daga Sabuwa, wasu da furfura a gemu, wasu a manyan motoci, wasu da ƙurar gona a ƙafa, duk ɗalibansa. Mas'ud ya ce mini a maƙabarta kowa yana ture ɗan'uwansa don ya sa hannu a makara. Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Mutumin nan ya roƙe ni abu ɗaya, abin da ba na saye ba ne, na bar shi ya tafi yana jira.

Ranar Juma'a rana ta taɓa kan dalbejiya, layin ya yi tsit. Mutane suna fitowa ƙofar gida su tsaya, su dubi juna, su koma. Yarinyar ta je jikin katanga ta tsaya har rana ta yi zafi, sai da na ja hannunta. Asabar ma ta je, amma ba ta daɗe ba.

Ranar Lahadi, ranar sadakar uku, na tashi da wuri don in dama koko kafin in shiga gidan makoki taya aiki. Na gama, na zuba wa kowa nasa. Na duba jikin katanga, ba kowa. Na leƙa ɗaki. Tana can ƙuryar bayan buhun masara, inda haske ba ya kaiwa, ta rungume gwiwoyinta, idonta biyu. Haka Mas'ud ya ce ya same ta a cikin rumbu. Na gane cewa in na bar yau ta wuce, ba za ta ƙara fitowa bakin ƙofa ba, domin wanda ke ƙwanƙwasawa ya tafi.

Na koma tsakar gida da kofin kokonta a hannuna. Mas'ud yana zaune a kan turmi yana ɗaura igiyar takalmi. Ta saman katanga ina hango kan dalbejiyar, rana ta fara taɓa ganyen. Na yi gyaran murya, ban san na yi ba sai da na ji Mas'ud ya ɗago kai.

"Amatullah."

Shekara takwas sunan yana bakina ban taɓa jin nauyinsa a harshena ba. Ya fito a shaƙe, kamar ba muryata ba. Mas'ud ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. A ajin Malam ba a amsa wa wani.

Numfashi ɗaya. Biyu. Uku. Ba abin da ya motsa a ɗakin. Malam a nan yake cewa muna jira ya wuce, amma ni ba ni da gida na gaba da zan wuce. Na ƙara ɗaga murya, yadda duk wanda ke layin zai ji, in za su ce ba ni da kunya su faɗa.

"Amatullah. Ni ce. Ki amsa."

Na ji buhun masara ya yi motsi. Sai wata 'yar murya, a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Firezan."

Mas'ud ya sa fuskarsa cikin tafin hannunsa. Ni ban yi kuka ba a lokacin, godiya ce ta cika ni har ba wurin hawaye. Na gode wa Allah, na gode wa tsohon da ya yi wata shida yana kiran 'yar da ba tasa ba, yana riƙe mata wurinta a jeri har uwarta ta yi hankali. Har gobe in na idar da salla, bayan iyayena da Goggo, sunansa nake sawa.

Muna cikin haka, sai daga bayan zana muka ji Almu mai faci. Kwana uku ke nan yana jiran a wuce gidanmu a zo kansa. Ba wanda ya kira shi.

"Firezan, sa," ya ce.

Amatullah ta fito bakin ƙofa tana ƙifta ido saboda haske. Na miƙa mata kofin, ta karɓa da hannu biyu. Kokon ya riga ya huce, ya yi fata a sama. Ta je jikin katangar ta zauna, ta jingina bayanta da ita, ta fara sha.